LAIFIN WANE NE, NA KWIKWIYO KO NA MAI SHI?

Idan kaka ta wuce, an gama sussuka, an zuba hatsi cikin rumbu, hankalin samari a ƙasar Karaye da Rogo ya kan koma wajen farauta. Lokacin ne a ke yawan neman 'ya'yan karnuka. Wani yana so domin korar zomo da gafiya, wani domin tsaron gida da garke, wani kuwa yaransa ne suka dame shi. Akwai kuma masu komowa daga birni da kwikwiyo irin na Turai, mai faɗin kai da kunnuwa a kwance, wanda suka saya da kuɗi mai yawa.

Ranar da aka kawo shi kowa yana murna. Bayan mako biyu sai ƙara ta soma. Ya yage zanen da aka shanya. Ya ɗauke takalmin baƙo daga ƙofar zaure. Ya tarwatsa 'yan tsaki. Ya kama ƙafar yaro da haƙora masu tsini kamar ƙaya, har jini ya fito. Ba ya gajiya, ba ya zama wuri ɗaya, kome ya gani sai ya sa a baki.

Sa'an nan mashawarta su kan rabu biyu. Waɗansu su ce, "Ka sa masa sanda tun yanzu. Idan bai ji tsoronka ba, ba za ka iya da shi ba." Waɗansu kuma su ce, "Ƙyale shi, ƙuruciya ce, in ya girma zai bari." Shawarwarin nan sun yi kama da gabas da yamma, amma tushensu ɗaya ne. Dukansu sun ɗora zancen bisa kare, sun sauke wa mai kare kaya. Babu wanda ya tambayi abin da ke wuyan mutumin da ya je da ƙafarsa ya raba kwikwiyo da uwarsa, ya kawo shi cikin mutane.

Tambayar da mu ke so mu duba ke nan. Idan aka ba mu iko bisa wani abu mai rai, mai ƙarfi, wanda bai san daidai da rashin daidai ba, me ya wajaba a kanmu? Mu karya halinsa, ko mu zuba masa ido, ko kuwa akwai wata hanya? Kada mai karatu ya ce zancen kare ƙaramin zance ne. Akwai jinin yaro a ciki, akwai zaman lafiya da maƙwabta, wani lokaci ma har da rai.

DON ME YA KE CIZO?

Kafin alƙali ya yanke shari'a ya kan ji ba'asi. Kwikwiyo ba shi da bakin magana, sabo da haka bari mu faɗi nasa a madadinsa.

Na fari, ba shi da hannu. Abin da jariri ya ke yi da yatsunsa, kwikwiyo da baki ya ke yi. Da baki ya ke sanin abin da ke da taushi da abin da ke da tauri, da baki ya ke wasa, da baki ya ke gaisuwa.

Na biyu, haƙora suna damunsa. Daga wajen mako 3 da haihuwa ƙananan haƙora su kan soma fitowa, har su cika 28. Daga wajen wata 3 zuwa 4 su kan soma zubewa, manya guda 42 su maye gurbinsu, aikin kuwa ba ya ƙarewa sai wajen wata 6 ko 7. Duk tsawon wannan lokaci dasashinsa yana ƙaiƙayi, tauna ce kaɗai ta ke ba shi sauƙi.

Na uku, sau da yawa an fitar da shi daga makaranta tun bai gama aji ɗaya ba. Makarantar kwikwiyo ta fari ita ce cikin 'yan'uwansa. Idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi wajen wasa, wancan ya kan yi ƙara ya janye, wasa ya tsaya. Ta haka ya ke koyon cewa cizo mai zafi yana korar abokin wasa, har ya iya auna ƙarfin bakinsa. Amma mutane su kan yi gaggawa su ɗauke shi da zarar ya iya lasar kunu, don kada wani ya riga su. Ya kamata a bar shi tare da uwarsa har ya cika mako 8.

Na huɗu, gajiya. Ƙaramin kwikwiyo yana bukatar barci wajen awa 18 cikin yini da dare. A gida mai yara da yawa kuwa, wannan ya ajiye, wancan ya ɗauka, ba ya samun rintsawa. Uwaye sun san halin yaron da barci ya kama shi ya ƙi kwanciya. Kwikwiyo ma haka ya ke, sai dai nasa rikicin da haƙora ya ke yi.

Na biyar, gado. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya je gidan maharbi ya zaɓi ɗan karyar da ta fi kowace gudu da kamu, bai kamata ya yi mamaki ba idan kwikwiyon ya bi kaza da gudu. Abin da ya je nema ke nan, shi ya kawo gida.

Cikin dalilan nan biyar babu mugunta ko ɗaya. Mugunta sai da sani, kwikwiyo kuwa bai san zane yana da tsada ba.

KARE MAI ƊAUKOWA

Zancen gado ya fi fitowa fili a cikin labarin kwikwiyon nan na Turai mai kunnuwa a kwance. Turawa suna kiran irinsa ritiriba, watau mai ɗaukowa, kuma babu irin da ya fi shi son riƙe abu a baki.

Asalin ɗaya daga cikinsu, wanda a ke kira Labrado, karnukan masunta ne a tsibirin Niyufanlan a gabashin Kanada. Su kan faɗa cikin ruwa mai sanyi su jawo igiya, su ɗauko kifin da ya kuɓuce. Cikin ƙarni na 19 aka kai su Ingila, inda maharba masu bindiga su ke bukatar kare da zai shiga ruwa ko ciyawa ya ɗauko tsuntsun da aka harbo. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila ta karɓi Labrado a matsayin iri mai zaman kansa a shekarar 1903. Ɗan'uwansa mai dogon gashi ruwan zinariya ya samo asali ne a Sikotilan, a gidan wani attajiri, Dudley Marjoribanks, wanda ya haɗa karnuka iri biyu aka haifi 'ya'yan fari a shekarar 1868.

Mu lura da abin da mutanen nan suka nema. Suna son kare mai ƙwazon da ba ya ƙarewa, mai marmarin ɗaukar kome a baki, amma wanda zai kawo agwagwar ruwa har hannun ubangidansa ba tare da haƙori ya huda fatarta ba. A gasar da su ke yi, karen da ya murƙushe tsuntsu an fitar da shi ke nan. Ba su kai ga wannan ta wurin hana shi ɗauka ba, gama da sun kashe marmarin, da sun kashe aikin. Sun bar masa marmarinsa, suka koya masa abin da zai ɗauka, da yadda zai riƙe, da wanda zai kai wa.

Daga baya aka ga irin nan ya dace da aikin da ya fi farauta nauyi. A shekarar 1916 aka buɗe makaranta a Oldenburg ta ƙasar Jamus domin koya wa karnuka yi wa sojojin da suka makance a yaƙi jagora. Yau Labrado yana cikin karnukan da aka fi ba wannan aiki a ƙasashe da yawa. Kwikwiyon da ya ke yage tabarma yana wata 3, shi ne ya ke ƙetarar da makaho titi yana shekara 2. Ƙwazon ɗaya ne, aiki aka ba shi.

Maharbanmu ma sun san wannan, ko da shi ke aikin karnukansu dabam ne. Namu mai bin zomo ne da gudu, ya kama ya riƙe. Duk da haka maharbin kirki ba ya yabon karen da ya kama zomo ya shige daji ya cinye. Wanda ya ke yabo shi ne wanda ya kama, ya saki sa'ad da aka ce ya saki, ya komo sa'ad da ya ji fito. Ko a bakin madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama ginawa a ƙasar Karaye a shekarar 1992, ko a dajin Rogo, ko a tafkunan Ingila, darajar kare ɗaya ce: ƙarfi mai jin kira.

ABIN DA SANDA TA KE KOYARWA

Yanzu bari mu auna shawarar fari. Ba mu musun cewa sanda tana aiki. Kwikwiyon da aka buga ya kan saki abin da ke bakinsa. Amma me ya koya?

Kare ya kan haɗa sakamako da abin da ya ke yi a daidai wannan lokaci, ba abin da ya yi ɗazu ba. Mutum ya komo daga gona ya tarar an tauna linzamin jaki tun da hantsi, ya kira kwikwiyo, kwikwiyo ya zo da gudu yana kaɗa wutsiya, ya buge shi. A wurin mutumin, ya hore shi sabo da linzami. A wurin kwikwiyo, an buge shi sabo da ya amsa kira. Gobe in aka kira shi zai tsaya daga nesa, a ce kuma ya yi taurin kai.

Wani zai ce, "Ai ya san ya yi laifi. Dubi yadda ya sunkuyar da kai, ya maƙale wutsiya." An gwada wannan zance. A shekarar 2009 wata malama a birnin Niyu Yok na Amurka, Alexandra Horowitz, ta sa masu karnuka 14 su hana karnukansu cin wani ɗan abinci, sa'an nan su fita daga ɗaki. Da suka komo, wani lokaci a gaya musu gaskiyar abin da ya faru, wani lokaci a gaya musu akasinta. Abin da aka gani shi ne, sunkuyar da kai tana bin faɗan mai kare ne, ko kare ya ci ko bai ci ba. Har ma waɗanda ba su ci ba, aka yi musu faɗa, su suka fi nuna alamar nan. Ashe abin da mutane su ke karantawa kamar tuba, tsoro ne.

Tsoro kuwa mugun malami ne. Yana koya wa kare ya yi ɓarna a ɓoye. Yana koya masa cewa hannun mutum abin gudu ne, ranar da kuwa babu hanyar gudu, abin cizo ne. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Kare ya kan yi gurnani kafin ya yi cizo, gurnanin nan gargaɗi ne. Idan kullum ana dukansa sabo da gurnani, zai daina gurnani, amma abin da ke cikin zuciyarsa yana nan. Ranar da ƙaramin yaro ya matso kusa da kaskon abincinsa, ba za a ji kome ba sai kukan yaro.

Waɗansu suna so haka. Su kan ce, "Na tsaro ne, muna so ya yi zafi." Har su kan ɗaure shi cikin duhu, su hana shi ganin mutane. Amma karen da bai san kowa ba, ba ya iya bambanta ɓarawo da yarinyar maƙwabta da aka aiko ɗiban wuta. Mai gadi na kirki shi ne wanda ya san mutanen gari sarai, har in baƙon dare ya zo ya gane shi, ya yi haushi ya ta da mai gida. Masu bincike biyu a Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun yi shekaru 13 suna duba girman 'ya'yan karnuka iri biyar, har da wani iri na Afirka ta Tsakiya, suka buga abin da suka samu a shekarar 1965. Sun nuna cewa tsakanin mako 3 da mako 12 ne kwikwiyo ya fi saurin sabawa da mutane. A wurin binciken nan kuma aka ga cewa wanda ya kai mako 14 bai saba da mutum ba, da wuya tsoro ya rabu da shi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Amma mu tuna, tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba.

ABIN DA SAKACI YA KE JAWOWA

Shawara ta biyu ta fi daɗin ji, gama tana kama da tausayi. Gaskiya ne ƙaiƙayin dasashi zai wuce. Amma abin da kwikwiyo ya saba yi yana jin daɗi ba ya wucewa tare da haƙoran ƙuruciya. Wanda aka yi wa dariya sa'ad da ya ke tsalle yana kama hannun riga yana wata 2, zai yi haka nan yana shekara guda, sa'ad da nauyinsa ya isa ya ka da tsohuwa. Wanda ya ɗanɗana korar kaza zai koma korar 'yan awaki. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Daga nan sai ƙara gaban mai unguwa, da biyan akuya, da gaba tsakanin gidajen da suka yi shekaru suna cin tuwo tare.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabtaka. A ƙasar Karaye da Rogo muna zaune tare da Musulmi, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya. Da yawa daga cikinsu ba su ƙi kare na farauta ko na tsaro ba, amma ba su so ya hau musu jiki, ko ya sa baki cikin ƙwaryarsu. Wanda ya bar karensa yana yawo cikin gidajen mutane yana lasar tukwane, ya ɗora wa maƙwabcinsa wahalar da ba shi ya saya ba. Ba ya bukatar ya yarda da dalilin maƙwabcin kafin ya kiyaye haƙƙinsa.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare suka samu, kuma wajen 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwon yana cikin yawun dabba, yana shiga ta cizo ko ta yagar fata. Ya kan yi wata 2 ko 3 a ɓoye, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tsira. Ƙaramin kwikwiyo ma yana iya ɗauke da shi, musamman wanda aka tsinta ko aka saya ba a san uwarsa ba.

Abin baƙin ciki shi ne, an daɗe da samun rigakafi. Ran 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya soma yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allura a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuwa ya rayu. A ƙasarmu cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a shekarar 1924, ta daɗe da sanin aikin allurar karnuka. Masana sun ce idan aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na wani yanki allura, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. Sabo da haka wanda ya ƙi kai karensa, ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya rage wa dukan gari kariya.

Ga abin da kowane gida ya kamata ya sani. A kai kwikwiyo wurin malamin dabbobi a yi masa allura yana wata 3, a riƙa maimaitawa yadda malamin ya faɗa. Idan kare ya ciji mutum har fata ta yage, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ranar, kada a jira a ga alama. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ana dubansa, a sanar da malamin dabbobi. Rigakafi ya fi magani, a nan kuwa bayan alama ta fito babu maganin ma.

HANYAR HORO

To, idan sanda ba ta yi ba, sakaci kuma bai yi ba, me ya rage? Aiki ya rage, aikin kuwa na mai kare ne.

A ba bakin abin yi. A tanada masa abin taunawa nasa na kansa, kamar ƙullin igiya mai kauri ko guntun ƙirgi. Duk sa'ad da ya kama hannu ko riga, a sa masa nasa a baki, a yabe shi idan ya karɓa. Kada a ba shi tsohon takalmi, gama ba ya iya bambanta tsoho da sabo. Kada kuma a ba shi dafaffen ƙashin kaza, gama ya kan tsage ya yi masa rauni a ciki.

A ci gaba da darasin 'yan'uwansa. Idan haƙori ya taɓa fata, a ce "A'a" sau ɗaya, a janye hannu, a juya masa baya na ɗan lokaci. A koya wa yara kada su gudu suna ihu, gama a wurinsa wannan farauta ce. Su tsaya cik, su naɗe hannu, har ya huce. Kada a bar shi da mai rarrafe ba babba kusa.

A koya masa saki ta wurin musanya. Idan ya ɗauki abin da ba nasa ba, kada a bi shi da gudu. A nuna masa ɗan ƙanzo ko tsokar nama, a ce "Saki," in ya saki a ba shi. Karen da ya koyi cewa kawo abu wurin mutum yana da riba, shi ne zai kawo zomo daga baya.

A sa kira ya zama abin murna. Kada a taɓa kiransa domin a hukunta shi. A yi masa fito lokacin ba shi abinci, har fito da alheri su zama abu ɗaya a kunnensa.

A ƙone ƙwazon da safe da yamma, sa'ad da rana ba ta da zafi. A jefa masa tsumma ya ɗauko, a ɓoye ɗan abinci cikin ciyawa ya nema da hanci. Darasi na minti 5 sau uku a yini ya fi na awa guda sau ɗaya a mako. Doguwar farauta kuwa ta jira har ƙasusuwansa su yi ƙwari, wajen shekara guda. Bayan wasa a kai shi inuwa, da ruwan sha, a hana yara tashinsa.

A gabatar da shi ga kaji da awaki yana cikin igiya, a ba shi lada idan ya dube su ya kau da kai. A kuma riga shi. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Mai hankali ya kan ɗauke takalmin tun kare yana shinshinawa.

WANDA YA KE HORO SHI MA ANA HORONSA

Idan muka sake duba abubuwan nan, za mu ga kusan dukansu umarni ne ga mutum. Ya tashi da sassafe. Ya riƙe fushinsa sa'ad da ya ga ɓarna. Ya faɗi magana ɗaya yau, ya faɗi ita ɗin gobe. Ya sa dukan gida su bi ƙa'ida ɗaya, gama idan uba ya hana, yaro ya bari, kwikwiyo ba zai san wanda zai bi ba. A nan ne wuyar ta ke. Duka yana da sauƙi, gama yana huce zuciyar mai duka. Ƙyalewa ma tana da sauƙi, gama ba ta cin lokacin kowa. Haƙuri na wata shida shi ne mai tsada.

Sabo da haka amsar tambayarmu ke nan. Inda iko ya ke, a nan alhaki ya ke. Kare bai zaɓi gidanmu ba, mu muka zaɓe shi. Halitta ce ta Allah da aka ba mu amana, mai jin zafi, mai jin tsoro, mai sakin jiki da mutum fiye da kowace dabba. Ƙwazon da ke cikinsa ba laifi ba ne, kayan aiki ne. Idan ya zama bala'i, ko dai ba a ba shi aiki ba, ko kuwa an maishe shi tsoro.

Ba mu ce kowane kare zai gyaru ba. Wanda haukan kare ya kama, babu abin yi sai hukuma ta kashe shi, wannan kuwa jinƙai ne gare shi da mutane. Babban karen da ya saba cizon yara ba za a ajiye shi cikin gida domin ƙaunar mai shi ba, gama ran yaro ya fi. Amma mai gaskiya, ko a ranar nan, zai tambayi kansa inda aka soma sakaci, domin kada na gaba ya bi sawu.

Iyaye da malaman makaranta za su ga zancen ya wuce kare. A kowane gida akwai yaro mai ƙiriniya, mai yawan tambaya, wanda ba ya zama wuri ɗaya. Shi ma mashawarta biyun nan su kan taru a kansa, mai bulala da mai cewa a ƙyale. Yaro ba kare ba ne. Yana da hankali, ana iya gaya masa dalili, kuma wata rana zai ɗauki alhakin kansa, abin da kare ba zai taɓa yi ba. Amma wannan ƙara mana nauyi ya ke yi. Idan dabba marar magana tana gane bambancin hannun da ke koyarwa da hannun da ke huce haushi, balle ɗan mutum. Sau da yawa yaron da ya fi damun gida shi ne wanda zai iya aikin da ya fi na kowa, idan aka sami wanda ya ba shi abin yi tun da wuri.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ɗayanmu ya miƙa hannu ya karɓi kwikwiyo a ranin bana, bari ya zauna da iyalinsa su amsa tambayoyi uku. Akwai abincin da zai ishe shi har cikin damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa? Akwai kuɗin allura, an kuma san inda malamin dabbobi ya ke? Wane ne, da sunansa, zai ba shi lokaci safe da yamma har wata shida? Idan an rasa amsar ko ɗaya, ya fi kyau a bar kwikwiyon wurin uwarsa, a jira wata shekara. Idan kuwa an amsa dukansu, a karɓe shi da murna, a soma aiki tun ranar da ya shigo gida.